Moɗar Farko

Shekaranjiya aka ɗauke mana wuta tun da hantsi, injin gidan kuma ya ce bai san zance ba, nan da nan gidan ɗana da ke Gwarinpa ya koma tanda. Gida ne mai kyau, ban raina ba, amma don na'urar sanyi aka gina shi, ba don iskar Allah ba. Tagogin ba sa buɗuwa sosai, tsakar gidan kuwa an malale ta da siminti, ko ciyawa ɗaya ba a bari ba. Ina zaune ina fifita da murfin kwali sai ga jikata ta shigo da wata gorar roba, ruwa ja a ciki, babu takarda a jiki babu komai. Ta ce a bakin titi ta saya wajen wani mai baro, maganin zafi ne. Ni da sai na dafa bango nake tashi, ban san lokacin da na miƙe na fizge gorar ba.

"Sassaƙen me aka sa a ciki? Wa ya saro shi? A wane daji?"

"Haba Hajiya, natural ne fa. Kowa sha yake a ofis ɗinmu."

Na tuttular da shi a makwarara tana kallo. Ta ce tsufa ne ya fara taɓa ni, ta shige ɗaki tana ƙunƙuni. Wataƙila tsufan ne. Amma har aka yi la'asar ba ita nake gani a gabana ba, wata randa nake gani a gindin mangwaro, a garin nan dai, tun garin bai zama gari ba.

Ina amarya muka zo, lokacin da soja suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, kuɗin mai na ta zuba, duk wanda ka tarar a tasha ka tambaye shi ina za shi sai ya ce Abuja. Maigidana birkila ne, wani abokinsa ya samar masa aiki a kamfanin gine-gine. Birnin da ake ta faɗa a rediyo kuwa da muka zo babu shi. Daji ne da duwatsu da jar ƙasa, sai hanyoyi masu faɗi da aka share waɗanda ba sa zuwa ko'ina. Ma'aikata a Nyanya aka zuba su, dogayen layukan ɗakuna da rufin kwano, kowane yare da ka sani da wanda ba ka sani ba. Har yau idan na rufe ido ina jin ƙarar safiyar wurin. Ana sallame asuba motocin kamfani za su fara hon a bakin hanya, maza su fito a guje da kwanukan abinci, a cusa su a bayan mota a tsaye, a tafi da su. Daga nan sansanin ya zama na mata da yara da awaki. Sai ƙarar turmi, sai rediyon wata, sai can nesa ka ji nakiya ta tashi inda ake fasa dutse, kwanon ɗaki ya amsa. Yanzu idan aka bi da ni ta Nyanya a mota, cunkoso ya riƙe mu, nakan leƙa ina neman layinmu, ban taɓa gane ko kusurwarsa ba.

Da labari ya kai gida cewa ina da ciki, sai mahaifiyar maigidana ta ɗauro kayanta ta zo. Inna muke ce mata. 'Yar ƙaramar mace ce mai saurin tafiya da kaifin baki, kuma ba irin surukar da ake ba da labari ba ce. Ni marainiya ce, ita ta zame mini uwa. Faɗanta kullum a kan ban ci da yawa ba ne, ko na ɗauki bokiti. Maigidana shi ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta taɓa kama sunansa, sai dai ta ce "wancan" ko "mai gidanki", ko kallonsa ba ta cika yi ba idan da mutane. Ni ma a zamaninmu mace ba ta kiran sunan miji. Haka muke zaune mu biyu muna hidimar mutum ɗaya, babu mai faɗin sunansa, shi kuma yana yi mana dariya yana cewa wata rana zai manta yadda aka raɗa masa.

Sai bazara ta shigo. Mu mutanen ƙasar Kano mun ɗauka mun san zafi, ashe ba mu san na nan ba. Namu busasshe ne, ka shiga inuwa ka sami sauƙi. Na nan mai ɗanko ne, hadari ya taru a kan duwatsu ya yi baƙi ya ƙi zubowa, gumi ya fito maka ya ƙi bushewa. Kafin azahar ba ka iya taɓa ƙofar ɗaki. Yara duk ƙurajen zafi sun feso musu a wuya. Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne sanƙarau. A layin bayanmu yaro ya kwana yana wasa, da safe wuyansa ya sandare, aka fita da shi ba a dawo da shi ba. Daga nan duk wadda ɗanta ya ce kansa na ciwo sai ka ga ta kama haɓarsa tana lanƙwasa masa wuya tana salati. Inna takan ce zafin da ke kan fata ba ya kisa, wanda ya taru a ciki shi ne mugun, kuma duk wanda ya bari ya taru masa ya yi wa kansa.

Da ƙunshinta ta zo daga gida, wani tsohon zane da aka ƙulle shi gida-gida. Akwai tsamiya, akwai zoɓo, akwai busasshen ganyen sabara na wanka, da lalle da take kwaɓa mini in sa a tafin ƙafa da rana don ya ja zafi ƙasa. Ganyen darbejiya kuwa takan sa a karyo mata ta shimfiɗa a ƙarƙashin tabarma. Ta sa aka sayo mata randa a kasuwar Karshi, irin ta Gwarawa mai kauri, ta binne gindinta cikin yashi a ƙarƙashin mangwaron ƙofarmu, safe da yamma tana yayyafa wa yashin ruwa. Ruwan randar nan har haƙori yake kamawa, firjin yanzu bai fi shi daɗi ba. Amma babban makaminta sassaƙen maɗaci ne. Takan daddaka shi sama-sama ta jiƙa a wata 'yar tukunya ya kwana, da safe ruwan ya yi ja, ɗacinsa kuwa sai wanda ya sha. Shi take ɗura wa maigidana a ƙaramin galan ya tafi da shi wurin aiki. Ba ya sha da safe, yakan turbuɗe galan ɗin cikin jiƙaƙƙen yashin gini, sai an buga ƙarfen hutun rana ya tono shi ya sha, abokan aikinsa su ma su miƙo kofunansu. Ni kam ta hana ni ko ɗanɗanawa, ta ce maɗaci ba na mai ciki ba ne, tsamiya ta ishe ni.

Tana da wata ɗabi'a da muke tsokanarta a kai. Duk abin da ta jiƙa, ita ke fara sha. Za ta tsaya a gindin mangwaron da asuba da carbinta a wuya, ta cika moɗa, ta yi bisimilla, ta shanye tas, ta yamutsa fuska ta girgiza kai, sannan ta ɗura na ɗanta. Na taɓa ce mata, "Inna, ke da ba ki shiga rana, me ya haɗa ki da wannan azaba?" Ta harare ni ta ce, "Yarinya, hannun da ya jiƙa, bakinsa ke fara sha. Haka na tarar ana yi a gidanmu, ba a kanki zan bari ba."

Ana tsakiyar zafin sassaƙen ya ƙare. Mai zuwa gida babu, sai an yi albashi. A makon nan wani a cikin abokan aikin maigidana jiri ya ɗebe shi daga kan katakon gini ya faɗo. Maigidana ma ya dawo da yamma idonsa jawur, ya sunkuya zai yi alwala sai haɓo ya ɓalle masa. Na ga yadda Inna ta bi jinin da kallo a ƙasa. Washegari matan layinmu za su itace, ta ɗauki ɗan gatarinta ta bi su, ni ma na bi a hankali don in miƙe ƙafa.

A lokacin itace ba wahala. Katafila ke ture daji dare da rana, a tara manyan bishiyoyi tuli-tuli a gefe, saiwoyinsu a sama, a bar su nan. Waɗanda muka tarar sun daɗe a kwance, ganyen duk ya bushe ya kakkaɓe, wani wurin ma an cinna wuta ta lashe rassan. A gida Inna daga nesa take gane itace, da tsayuwarsa da ganyensa da inuwarsa. A nan babu tsayuwa babu ganye, sai gangar jiki kawai. Ta yi ta zagayawa tana sara kaɗan tana dubawa, har ta zo kan wani ƙaton gungume mai kaushin baya. Ta sara, cikin ya fito ja. Ta sansana ta ce, "Alhamdu lillahi, ga maɗaci har ya yi mana yawa." Matan da ke wurin duk 'yan arewa ne irinmu, babu wadda ta ga wani abu. Da yamma tana daka shi a turmi sai atishawa ta kama ta, ta kama ni, ta kama har yaran da ke wasa kusa. Muka yi ta dariya hawaye na zuba, ta ce ƙurar katafila ce ta shiga jikinsa. Ta jiƙa rabi, sauran ta shanya a faifai.

Da asuba ina ɗaki ina ɗaure wa maigidana kwanon abinci na jiyo ta a waje tana mita. "Maɗacin garin nan rago ne. Ruwan sama ya yi masa yawa, ko ɗacin kirki babu." Ya yi dariya ya ce to yau abokansa sun huta. Mota ta yi hon, ya ɗauki galan ya fita a guje.

Maƙwabciyarmu ta jikin bango ita ce Maman Talatu, Kirista ce daga ƙauyukan kudancin Kaduna, mijinta kafinta. Ita da Inna sun shaƙu, kullum suna musu a kan wa ya fi iya miyar kuka. Ta je gida bikin Ista, sai ran nan da hantsi ta dawo, da buhun doya a ka da goyo a baya. Ta sauke kaya tana gaishe mu, sai idonta ya sauka a kan faifan. Na ga ta tsaya cak. Ta ɗauki ɓawo ɗaya ta juya shi, ta kai hanci, ta yi atishawa, ta yar da shi kamar ta taɓa garwashi.

"Mama, wa ya kawo wannan abu a gida?"

"Ni na saro. Maɗaci ne."

"Ba maɗaci ba ne, Mama. Yesu! Wannan gwaska ne. A garinmu shi ne ana ba mutum in an ce shi maye ne. In ya yi amai ya tsira, in bai yi ba, kafin yamma an gama. Ko akuya ba ya cin ganyensa. Wa ya sha?"

Gwaska mun san sunanta, a labari, tun muna yara. Itacen ne ba mu taɓa gani ba, don ba ya fitowa a ƙasarmu. Inna na zaune a kan tabarma, abin da ba ta saba yi ba da hantsi, ta jingina da mangwaron. Maman Talatu ta durƙusa a gabanta.

"Mama, kin sha?"

"Bakina kawai na sa. Da na ji ba ɗaci na tofar." Ta juyo ta dube ni, muryarta ko rawa ba ta yi. "Wancan ne ya tafi da galan cike. Ba ya sha sai an buga ƙarfe. Tashi, yarinya. Ke kika san fuskokin abokansa."

Maman Talatu ta ce bari ta raka ni, mace da tsohon ciki ba ta shiga rana ita kaɗai. Sai na ga Inna ta kama bakin zanenta ta riƙe. "A'a, ke zauna. Ki kifar da tukunyar nan kafin yara su gani." Na ga riƙon, ban tsaya tunanin ma'anarsa ba, na figi mayafi na fita.

Yaran yanzu ba za su gane wannan tsoron ba. Yau da waya ce, ka danna ka ce kada ka sha, shi ke nan. A lokacin babu waya, babu motar haya mai shiga wuraren gini, titunan ma ba a sa musu suna ba. Abin da na sani game da wurin aikinsa shi ne abin da yake faɗa a hira: dogon bene ne, akwai injin ɗaga kaya mai dogon wuya ruwan ɗorawa, kuma idan ka hau sama Dutsen Aso na gabanka. Na tsaya a bakin hanya ina ɗaga wa kowace mota hannu, suna wucewa suna watsa mini jar ƙasa. Inuwata nake kallo. Tun ina yarinya na san idan ta dawo ƙarƙashin ƙafa rana ta raba, ga ta kuwa tana ta tsukewa. Daga ƙarshe na shiga tsakiyar hanya na tsaya. Wata tifa cike da yashi ta taka birki har tana jan taya, direban ya leƙo zai zage ni, ya ga cikina ya ga fuskata ya haɗiye zagin.

"Madam, lafiya? Haihuwa ne?"

"Guba ce. Mijina ya tafi da guba wurin aiki bai sani ba."

"Shiga, shiga!"

Hausarsa guntu-guntu ce, ban san ko wane yare ba ne, ban kuma tambayi sunansa ba, Allah ya saka masa. Kujerar motar ta ƙona ni ta cikin zane. Muka hau tudun nan da ake hawa kafin a shiga gari, motar na nishi kamar ba za ta kai ba, ni kuma ina karanta duk abin da ya zo bakina. Da muka kai sama na hango garin sai zuciyata ta yanke. Dogayen benaye marasa rufi ta ko'ina, injina masu dogon wuya ba ɗaya ba ba biyu ba, kuma duk ruwan ɗorawa. Dutsen Aso kuwa ta duk inda ka tsaya yana gabanka.

Muka fara bi ɗaya bayan ɗaya. A kowace ƙofa mai gadi zai fito, in ce ina neman wani birkila, dogo, baƙi, mutumin Kano. Wani ya yi dariya ya ce, "Hajiya, rabin mutanen nan kika faɗa." Wani ya ce, "Mene ne sunansa?" Bakina ya yi nauyi, na faɗa a hankali ina kallon ƙasa, ya ce masu wannan suna sun fi a ƙirga. Ƙasan marata ya ɗaure tamau, ina jin tsoron kada in haihu a cikin tifa, ina jin tsoron kada in tsaya. Direban ya bar yashinsa da aikinsa yana ta juya mota. Muna fitowa daga wani wurin sai na ji abin da nake gudu. Wani ya buga ƙarfe. Bakin tayar mota ne suke ratayewa su doka da guduma. Na kusa ya amsa, na nesa ya amsa, ƙarar ta bi garin gaba ɗaya, injina suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Na duba ƙasa ta tagar motar, inuwa babu. Na ɗora hannu a ka na fasa ihu.

Direban ya ce, "Tsaya, madam, ji can." A cikin shirun nan akwai wuri ɗaya da injin kwaɓa siminti bai mutu ba. Ya ce masu zuba kankaren rufin bene ba sa tsayawa sai sun gama, ko an buga ƙarfe. Ni dai ban san ko can ne ba, amma babu sauran inda za mu. Ya kwashi mota ta cikin ramuka. Muna isa injin ya yi shiru, maza na saukowa daga bene jikinsu fari fat da siminti, kowa kamar kowa. Sai na hango wani mai jar hula da ya taɓa cin tuwo a gidanmu, riƙe da kofi, ya nufi tulin yashi. A gindin tulin wani ya durƙusa ya ba ni baya yana tono.

Tsakaninmu da nisa, ga ƙarafa ga ramuka, ƙafata ba za ta kai ba. Na ga ya ciro galan ɗin ya kakkaɓe yashin, ya buɗe murfin. Na buɗe baki na kira sunansa, sunansa na yanka, da duk ƙarfin da Allah ya ba ni, a gaban maza fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Wurin ya yi tsit. Ya juyo da galan a hannu, bai kai baki ba. Na ce, "Kada ka sha! Gwaska ce!" Daga nan sai na ji ni a zaune a ƙasa.

Ya iso ya riƙe ni yana tambaya, ina ba shi labari a rarrabe ina kuka ina dariya. Wani ya karɓi galan ɗin ya tuttular, jan ruwan ya bi yashi. Na ce Allah ya tsare, babu wanda ya sha, Inna ma bakinta kawai ta sa ta tofar. Sai na ji hannunsa ya saki kafaɗata.

"Ta tofar? Inna ba ta tofar da magani. A gabana ta shanye moɗa. Da ta ji ba ɗaci ta ƙara ta biyu."

Ban taɓa jin sanyi irin na lokacin nan ba, a tsakiyar wannan rana. Na tuna zamanta a kan tabarma, na tuna hannunta a bakin zanen Maman Talatu. Ta san da ta faɗa mini gaskiya ba zan iya barin ta ba, zan tsaya neman mota a kai ta asibiti, ƙarfe kuma ba zai jira ni ba.

Ogansu ya ba da ƙaramar motar kamfani. Hanyar da na ga ta yi tsawo da zuwa, da komowa ta fi. Muka tarar da mata sun yi da'ira a gindin mangwaron. Inna na kwance, kanta a cinyar Maman Talatu, leɓenta duk manja. Sun ba ta manja, sun ba ta ruwan gishiri, sun sa mata yatsa a maƙogwaro, aman ya ƙi zuwa. Sun nemi mota a duk sansanin babu, motoci duk suna cikin gari. Maman Talatu na kuka tana cewa, "Kina fita ta faɗa mini. Ta ce kada in kira ki." Na taɓa hannun Inna, sanyi ƙalau, ga gumi na tsattsafo mata. Idonta a buɗe amma kamar ba ta gani sosai.

"Yarinya ce?"

"Ni ce, Inna."

"Ya sha?"

Maigidana ya durƙusa ya kama ƙafarta. "Ban sha ba, Inna. Ga ni."

Ta lalubo kansa da hannu, ta shafa simintin da ke gashinsa. Sai ta kira sunansa, a hankali, sau ɗaya, kamar tana ɗanɗana shi. Tun da ta haife shi bai taɓa ji a bakinta ba. Ƙato da shi ya kifa kai a tabarma yana kuka kamar yaro. Muka ɗauke ta muka sa a mota, tana ta kalmar shahada, ba mu kai ga hawa tudun ba ta cika.

A nan Nyanya aka binne ta, cikin jar ƙasar da ba ta sani ba. Babu wanda ya zargi kowa, wa za a zarga? Mace ce da ta san dajinta kamar tafin hannunta, aka kawo ta wani dajin, aka kuma kwantar mata da shi babu ganye. Kafin ruwa ya zauna sosai na haifi ɗan da nake zaune a gidansa yau. Maman Talatu ce ta yi mini wankan jego, kuma duk ganyen da za ta sa a tukunya sai ta kai ni gindin itacen na gan shi a tsaye. Maigidana ya rayu ya ga jikokinsa, ya gina benayen da shi kansa daga baya ba a barin sa shiga. Har ya koma ga Allah ban sake kiran sunansa ba, shi kuma bai sake shan wani abu ja ba, ko zoɓo ne.

Jiya ma ba a kawo wutar ba. Na sa aka kai ni kasuwa na zaɓo tsamiya da hannuna, mai ɓawo, wadda na san kamarta tun ina yarinya. Na ɓare na wanke na jiƙa a kwanon sha, na rufe da faifai. Da rana ta take jikata ta fito tana haki, fushin shekaranjiya ya wuce, ta ga kwanon ta miƙa hannu. Na ce ta dakata.

"Hajiya, tsamiya ce fa. Ke kika saya, ke kika jiƙa."

"Shi ya sa."

Na cika kofi na yi bisimilla na shanye. Na zauna na dafa ƙirjina ina saurare, tana tsaye tana kallona, gumi na bin wuyanta. Sai da na ji komai lafiya sannan na zuba nata na miƙa mata.